Ranar Da Muka Kai Auta Kallon Ƙwallo Birnin Kebbi

  Muna fatan masu shirin jarrabawa sun rage hira sun kama littafi. Yau labarin ƙwallo muka zo muku da shi, amma ba na Firimiyar Ingila ba, na nan gida ne, kuma akwai maganar makaranta a cikinsa.

Mu uku ne 'yan gida ɗaya daga Argungu muke karatu a Birnin Kebbi, muna haya ɗaki ɗaya a Badariya. Da aka yi ɗan hutu muka koma gida, sai muka tarar da rigima. Autanmu, ɗan shekara 16 da ke aji biyu na babbar sakandare, ya ce shi ya gama da boko. Wani mutum ne ya ga bidiyon wasansa a Facebook, ya kira shi a waya, ya yi masa alkawarin gwaji a Legas, daga nan kuma sai Turai. Sharaɗin kawai shi ne a tura kuɗin fom da na masauki da na fasfo. Da muka lissafa, kuɗin zai cinye buhu uku na shinkafar da Baba ya noma a fadama bana. Baba ya ce ko kwano ɗaya ba za a sayar ba. Inna kuwa ta fara sassautowa, don ta ga yaron ya daina cin abinci tare da mutane, sai ya ɗauki kwanonsa ya koma zaure.

Mun yi masa faɗa, mun yi masa nasiha, duk a banza. Amsarsa ɗaya ce: "Yaya, ku ba ku san ƙwallo ba." Rannan sai ɗayanmu ya tambaye shi ko ya taɓa shiga filin wasa ya kalli wasan gasa na gaske, mai alƙali da mataimakansa da 'yan wasa masu rajista. Ya ce bai taɓa ba. Muka tashi yi masa dariya, sai muka tuna mu ma haka muke. Shekara biyu muna Badariya, muna iya lissafo 'yan wasan Arsenal da Chelsea har na kan benci, mun san wanda ya ji rauni a Madrid da ranar da zai dawo, amma ba mu taɓa taka filin wasa na Haliru Abdu ba, alhali kuɗin kabu-kabu ne tsakaninmu da shi. Duk ƙwallon da muka sani a gidan kallo muka san shi, a kan benci, ana jin ƙarar janareta, ana musu har murya ta dushe.

A nan muka yanke shawara. Mun ji cewa akwai wasan gasar cin kofin jiha a ƙarshen mako, tsakanin wata ƙungiya ta cikin Birnin Kebbi da wata daga ƙaramar hukuma. Muka je wajen Baba muka ce ya ba mu aron Auta na yini ɗaya. Ya ce ya yarda, amma kada isha'i ta same mu a hanya. Muka haɗa kuɗin mota daga aljihunmu, Inna ta soya mana kifi ta naɗe a takarda, ta ja babban cikinmu gefe ta ce, "Ku dai dawo min da shi da hankalinsa."

Da hantsi muka shiga mota a tashar Argungu. Tafiyar kusan awa guda ce. Auta ya zauna a gefen taga da takalmin ƙwallonsa a leda, wai ko za a ce akwai wanda bai zo ba. Muka wuce gonakin shinkafa na rani, muka wuce Ambursa inda filin jirgin sama yake, ga zafin rana ya fara dukan rufin mota. Direba da wani fasinja suka kama musun Messi da Ronaldo tun daga fitarmu gari har muka sauka, ba wanda ya ba wani gari. Ba wanda ya ambaci wasan da za a yi da yamma a garin da za mu.

Muka yada zango a ɗakinmu na Badariya, muka ci kifin Inna da burodi, muka yi azahar, muka ɗan kishingiɗa. Da aka kira la'asar muka yi sallah, muka hau kabu-kabu biyu sai filin wasa. A bakin ƙofa ga masu rake da gyaɗa da fiya wata da zoɓo mai ƙanƙara. 'Yan kallo ba su cika filin ba, amma waɗanda suka zo sun zo da gaske. Akwai masu ganga, akwai yara da suka maƙale a jikin shinge, akwai dattawa da kana gani ka san kujerar da suke kai tasu ce tun da daɗewa.

Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne girman filin. A talabijin kamara ce take zaɓar maka abin da za ka gani, kuma ƙwallon take bi. A nan kuwa duk 'yan wasa 22 suna gabanka. Sai muka ga ɗan baya na gefe yana sheƙa gudu daga gidansu har kusa da tutar kwana, ba a ba shi ƙwallon ba, ya juyo da gudu ya koma, ya sake, ya sake. Muka ga yadda 'yan baya huɗu ke matsowa gaba tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya don su jefa ɗan gaban abokan hamayya cikin satar gida. Muka ji muryar mai tsaron gida tun daga inda muke zaune, yana tsawa yana tsara mutanensa, bai yi shiru ba har aka tashi. Ƙarar haɗuwar ƙafa da ƙafa ma daban take idan kana kusa. Da wani ɗan tsakiya ya faɗi, jikinmu sai da ya amsa.

Auta ɗan gaba ne a ƙungiyar unguwarsu, kuma gaskiya ya iya yanka. A minti goma na farko yana ta surutu, wai da shi ne da ya yi kaza. Can sai ya yi shiru. Muka lura ya daina kallon ƙwallon, ya koma kallon wani dogon ɗan baya mai lamba 5. Duk ƙwallon da aka ɗago sama shi ke sa kai, duk wanda ya zo yanka sai ya tare shi da kafaɗa ya raba shi da ita ba tare da ya yi ƙeta ba. Auta ya juyo ya ce, "Yaya, wannan ko ni ba zan wuce shi ba." Ba mu ce komai ba. Wannan kalma ta "ko ni" ta isa ta nuna muku irin yaron da muke fama da shi.

A gefenmu akwai wani dattijo da rediyo a hannu da carbi. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya dube mu ya ce, "Samari, daga ina kuka hito?" Muka ce Argungu. Ya ce shi yana zuwa kallon ƙwallo tun ana jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991. Ya ga ledar takalmin Auta, ya tambaye shi gidan da yake bugawa. Kafin mu hana, Auta ya kwashe labarin mutumin Legas kaf ya faɗa masa, yana jiran yabo. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, mai son sayen doki shi ka zuwa da kuɗi. Ban taɓa ganin dokin da ya biya a hau shi ba. In ƙahwarka ta yi, su za su biyo ka har gida su gaida babanka." Auta ya ce, "To Baba, ai Zaidu ma tafiya ya yi." Dattijon ya yi murmushi ya ce ya je ya tambayi yadda Zaidu ya yi tafiyar.

Aka dawo zagaye na biyu. 'Yan gida suka ci ɗaya da bugun kwana, filin ya ɗauki ihu, masu ganga suka haukace. Ba a sake nuna mana cin ba, don a nan babu maimaici. Ɗayanmu ya sunkuya yana sayen gyaɗa lokacin da aka ci, har yau yana jin haushi. Baƙin suka farke saura kamar minti goma, aka tashi kunnen doki, aka tafi bugun fanareti, 'yan gida suka yi nasara. Amma abin da ya tsaya mana a rai ba shi ne cin ba. Ana tsakiyar zagaye na biyu wani matashi daga cikin baƙin ya faɗi yana riƙe da gwiwa, aka ɗauke shi aka fitar. A talabijin da an yi nan an wuce wurin, sai a sa tallar lemo. Mu kuwa yana gabanmu har aka tashi, a zaune a ƙasa, an ɗora masa ƙanƙarar fiya wata, ya rufe fuska da rigarsa. Shekarunsa ba za su wuce namu ba. Haka kuma akwai wasu samari a kan benci da suka yi ta ɗumama jiki, aka tashi ba a sa su ba. Su ma daga wani gari suka zo, su ma sun yi wa iyayensu sallama da safe.

Da aka fito muka tsaya a bakin ƙofa, sai ga mai lamba 5 ya fito da jakarsa a kafaɗa yana neman abin hawa kamar kowa. Auta ya ruga ya gaishe shi. Ashe ɗalibi ne, yana karatun difloma, kuma yana da teburin gyaran waya da yake zama da safe. Ya ce atisaye sau biyar yake yi a mako, kuma ya fi shekara shida yana haka. Da ya ji labarin mutumin Legas bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Ƙanena, ni an taɓa cin kuɗina haka. Tambaye shi sunan ƙungiyar da za ta gwada ka, da takardar gayyata, da lasisinsa. In ya ba ka, ka zo ka nuna wa kocinmu."

To 'yan uwa, tunda dattijon nan ya ce a je a tambayi yadda Zaidu ya yi tafiyarsa, mun je mun tambaya, kuma ga abin da ya kamata kowane matashi mai wannan buri ya sani.

Zaidu Sanusi ɗan Jega ne, nan cikin jiharmu, an haife shi a 1997. Da ya isa Fotugal ba Porto ya faɗa kai tsaye ba. Sai da ya yi shekaru a ƙananan rukunoni, a ƙungiyar Mirandela, inda ba kamarar da ke nuna shi a gidan kallon Argungu. A 2019 ya koma Santa Clara, a 2020 Porto ta saye shi. A watan Mayun 2022 shi ya ci Benfica ƙwallo a ƙarshen wasa, ƙwallon da ta tabbatar wa Porto kofin gasar ƙasar. Yana cikin 'yan Super Eagles da suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Kwaddibuwa a farkon 2024. Dawowarsa daga gasar ke da wuya ya ji mummunan rauni a gwiwa, ya yi watanni yana jinya. Hoton da muke gani shi ne na ranar Benfica. Shekarun Mirandela da watannin jinya ba a manna su a jikin Keke Napep.

Sai Ahmed Musa. A gida ya fara yin suna. A kakar 2009 zuwa 2010 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, ya fi kowa ci a gasar Najeriya. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta saye shi, amma duk da haka sai da aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga mata wasa. Dalili shi ne dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba daga ƙasarsa zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka yi ƙaura can saboda wani dalilin da ba ƙwallo ba. Idan dokar ta tsayar da wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Najeriya, ta yaya wani mai lambar waya zai tsallakar da ɗan shekara 16 daga Argungu? Haka kuma tun 2023 FIFA ta shimfiɗa cewa dillalin 'yan wasa sai ya ci jarrabawa ya karɓi lasisi. Maƙwabcinmu Shehu Abdullahi na Sakkwato ma ta Kano Pillars ya bi kafin ya fita waje, har ya samo lambar tagulla da Najeriya a wasannin Olamfik na Rio a 2016.

Ku duba za ku ga dukkansu akwai tsanin da suka taka. A Najeriya tsanin a bayyane yake. A sama akwai gasar NPFL mai ƙungiya 20. Ƙarƙashinta akwai NNL, inda muka san Kebbi United ta fafata. Ƙarƙashin wannan akwai NLO, ta ƙananan ƙungiyoyi. Sannan kowace jiha tana yin gasar kofinta, waɗanda suka kai ƙarshe su wakilce ta a gasar kofin ƙalubale ta ƙasa, inda ƙaramar ƙungiya kan iya haɗuwa da irin su Pillars ko Enyimba. Irin wasan da muka kalla ke nan. Matakin farko na tsanin yana nan a garinmu, ba a Legas ba, kuma ba a sayar da buhun shinkafa kafin a taka shi.

A nan ne laifinmu yake, mu masu kallo. Muna biyan kuɗi duk mako mu kalli Turawa da 'yan uwanmu da suka riga suka tsallaka, amma mun bar filinmu ga dattawa da masu ganga. Ƙannenmu sun tashi suna ganin ƙarshen hanya kullum, ba su taɓa ganin farkonta ba, shi ya sa duk wanda ya ce musu akwai yanke sai su yarda. Ƙungiyar da ba a zuwa kallonta ba ta samun kuɗin ƙofa, ɗan kasuwa ba ya sha'awar manna sunansa a rigarta, ɗan wasanta kuma ba ya samun abin da zai riƙe kansa. Ba muna cewa a daina zuwa gidan kallo ba, mu ma ranar Asabar muna can. Muna cewa a riƙa raba ƙafa.

Mun kamo hanyar gida rana na faɗuwa, muka yi magariba a hanya, muka shiga Argungu kafin a kira isha'i kamar yadda Baba ya ce. Auta bai yi magana a mota ba, ledar takalminsa na kan cinyarsa. Washegari ya tura wa mutumin tambayoyi ukun nan. Mutumin ya amsa da cewa lokaci na ƙurewa, a turo rabin kuɗin tukuna. Auta ya sake tura tambayoyin. Yau mako uku ke nan ba amsa.

Kada mu yi muku ƙarya, yaron bai fasa burinsa ba. Har yanzu yana cewa sai ya buga a Turai, kuma mu ba mu da hurumin cewa ba zai buga ba, tunda ɗan Jega ya buga. Abin da aka daidaita a kai shi ne ya koma aji, ya zana jarrabawar WAEC da NECO, yana atisaye da yamma. In an yi dogon hutu zai zo ya zauna da mu a Badariya ya gwada sa'arsa a wajen kocin su mai lamba 5. Baba bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba. Shinkafar dai tana nan a ɗaki, kuma Auta ya dawo cin abinci a tsakar gida.

Ga masu sha'awar irin wannan tafiya daga Argungu ko Jega ko Kalgo ko Bunza, ga 'yan shawarwari daga abin da muka gani. Ku nemi izinin iyaye, ku faɗa musu lokacin dawowa, ku cika alkawari. Ku tabbatar da rana da filin da za a yi wasan kafin ku fito, don akan canza. Ku ware kuɗin motar komawa a aljihu daban tun da safe, kada rake da tsire su cinye shi. Ku tafi da ruwa da hula, zafin Birnin Kebbi ba ya wasa. Ku yi la'asar kafin a take wasa. In alƙali ya yi hukuncin da bai yi muku daɗi ba, ku yi ihunku daga inda kuke zaune. Jifa da shiga fili sun sha jawo wa ƙungiyoyin ƙasar nan tara da rage maki da korar su daga filinsu na gida, ƙarshe magoya bayan ne ke rasa kallon. Sannan ku tafi da ƙane ko ɗa na maƙwabta, musamman wanda ke kwana da ƙwallo a ransa.

In akwai wanda aka taɓa yi wa irin alkawarin da aka yi wa Auta, ko wanda ke buga wa wata ƙungiya yana kuma karatu, muna son jin yadda yake haɗa biyun. Ku rubuto mana ta adireshin wannan shafi, za mu kawo wasu daga cikin wasiƙunku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba masu jarrabawa sa'a.